Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi? Muhawara a kan kiɗan black metal

Nura Mai Jita:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san wannan kiɗan ba kowane kunne ke jure shi ba, amma tunda mun taru a nan ne don bin diddigin kiɗa, bari in ajiye abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Ga wanda bai san black metal ba: jitar lantarki ce ake kaɗa tsirkiyarta da sauri har sautin ya haɗe kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ganguna ba hutu, murya kuwa ƙaraji ce. Sunan ya fito ne daga faifan da ƙungiyar Venom ta Newcastle a Ingila ta fitar a 1982, Bathory ta Suwidin ta ba shi kamanninsa tun daga 1984, sannan samarin Norwe suka kai shi inda aka san shi tsakanin 1991 da 1994.

Ga maganata. In aka kunna mini tsohon faifai, kafin minti ɗaya ya cika nakan gane ƙasar da ya fito. Na Norwe siriri ne, ba nauyi a ƙasansa, yana shiga kunne kamar iskar hunturu ta kafar taga. Na Girka yana tafiya a hankali, da kauri, da ɗumi. Na Burazil kamar faɗa ya ɓarke a tasha. Ni na yarda ƙasar mutum tana shiga cikin sautinsa: sanyi, daji, duhu, rana. Ko kuwa kunnena ne ke ƙara gishiri?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Nura ƙanena, kunnenka lafiya lau yake, abin da kake ji yana nan. Inda muka rabu shi ne dalilin.

Na yi shekaru a gaban na'urar haɗa sauti, kuma abin da na koya shi ne sanyi ba ya shiga makirfo. Ɗaki ne ke shiga, da hannun mai tace sautin. Duba bayan faifan da kake kira sautin Norwe. De Mysteriis Dom Sathanas na Mayhem, In the Nightside Eclipse na Emperor, faifan farko na Immortal da na Burzum, duk a sutudiyo ɗaya aka ɗauke su, a Grieghallen da ke birnin Bergen na Norwe, kuma mutum ɗaya ne a kan na'ura, Eirik Hundvin, wanda suke kira Pytten. Grieghallen babban zauren kaɗe-kaɗe ne. A faifan Mayhem ɗin, a cikin ƙaton zauren aka girke ganguna, shi ya sa kake jin su suna amsa kuwwa kamar daga bayan dutse. Kai ka ce tsaunukan Norwe ne, ni na ce bango da rufi ne.

Haka Girka. Rotting Christ, Varathron, Necromantia, kusan dukansu ta sutudiyo ɗaya suka bi a Atina, Molon Lave wanda daga baya ya koma Storm, kuma da gangunan lantarki suka yi aiki da yawa. Mutane kaɗan ne, suna aron kaya a tsakaninsu, wannan ya kaɗa wa wancan. In kowa a unguwa a wurin tela ɗaya yake ɗinki, ai dole rigunansu su yi kama.

Nura Mai Jita:
Yaya Bala, to Darkthrone fa? Transilvanian Hunger na 1994 bai taka Grieghallen ba. A ɗaki suka ɗauke shi da ƙaramar rikoda mai layi huɗu, amma babu faifan da ya kai shi sanyi.

Injiniya Bala:
Ai ka ƙarfafa maganata. Rikoda mai layi huɗu a kan kaset ba ta ɗaukar nauyin sauti na ƙasa yadda ya kamata, sai ta bar maka sama-sama, tana ƙara shuu na zaren kaset. Ka haɗa wannan da salon kaɗa jita da Euronymous na Mayhem da Snorre Ruch na Thorns suka yaɗa, wato a danne tsirkiya da yawa a kaɗa su gaba ɗaya ba a tsayar da su da tafin hannu ba. Sauti sai ya zama hazo. In ka zo da jitarka zan fitar maka da wannan sanyin a tsakiyar watan Afrilu a Kano.

Ummi Bergen:
Sannunku da hira. Yaya Bala, ban isa in ja da kai a kan na'ura ba, amma ina zaune a garin da ake magana shekara uku ke nan, kuma ina ganin ka rage wa wuri haƙƙinsa.

A nan ruwan sama yana sauka fiye da kwana 200 a shekara. A watan Disamba hasken rana bai fi awa shida ba, shi ma sau da yawa gajimare ya rufe shi. Na tuna makon farko na hunturu, na fito daga laburare da ƙarfe uku da rabi na yamma na tarar an kunna fitilun titi, ruwa yana tsiyaya, duwatsun da suka kewaye garin sun koma baƙi ƙirin. Na tsaya ina lissafin lokacin salla, na ga la'asar ta wuce tuni, magariba ce ke shiga. Yaro ɗan shekara 17 da ya tashi a cikin wannan, ba ruwansa da kowa, yana kulle a ɗaki da jita, ba irin waƙar da zai so ya yi ke nan da ta yaron Belo Horizonte na Burazil ba. Na yarda na'ura ce ke fitar da sautin. Amma wa ya zaɓi ya bar shi haka? Pytten ya iya ɗaukar sauti mai tsabta, su ne suka ce ba sa so.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma ina roƙon ku yi mini uzuri in na sauya akalar zancen. Kuna ta maganar sanyi da ɗumi kamar masu zancen shayi, alhali waɗannan mutanen da kuke ambata sun ƙona wuraren ibada kuma sun kashe rai. Varg Vikernes na Burzum ya daɓa wa Euronymous wuƙa har lahira a watan Agusta 1993, kotu ta ɗaure shi shekara 21 saboda kisan da ƙona coci-coci. Mai gangar Emperor na lokacin, Faust, ya kashe wani mutum a Lillehammer a 1992. Kalmomin waƙoƙin da yawansu yabon Shaiɗan ne da zagin addini. Nura ɗana, kai da ka tashi a gidan karatu, me kake nema a cikin wannan?

Ishaya:
Malam, na gode da ka faɗa, domin ni ma abin yana bakina. Mu da muka tashi a Kaduna da Jos, ƙona coci ko masallaci ba hoton bangon faifai ba ne a wurinmu. Mun san warin. Mun san yadda ake tsayawa washegari a gaban toka ana tsince abin da ya saura. In na ga saurayi a Turai yana sanye da riga mai hoton coci yana ci da wuta, raina yana ɓaci ƙwarai.

Ummi Bergen:
Ɗan'uwa Ishaya, gaskiyarka. Na je Fantoft da ƙafata, jirgin cikin gari ne ke kai mutum kusa, sai ka hau 'yar gangara ta cikin itatuwa. Cocin katako ne da aka gina wajen shekarar 1150 a wani ƙauye mai suna Fortun, aka ɗauko shi zuwa Bergen a 1883. An ƙona shi ranar 6 ga Yuni 1992. Wanda ke tsaye yanzu sabon gini ne da aka kammala a 1997, an zagaye shi da shinge. Katakon baƙi ne saboda kwaltar da ake shafa masa, in ka matsa kusa kana jin warinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu cewa suna kishin gadon kakanninsu su ne suka hallaka ginin da ya haura shekara 800, aikin hannun kakannin nasu. Ba a sami Vikernes da laifin Fantoft a kotu ba, wasu coci-coci ne aka kama shi da su, amma hoton kufan ne ya sa a bangon faifansa.

Nura Mai Jita:
Malam, na ji, kuma ba zan kare ko ɗaya daga cikin wannan ba. Akwai ƙungiyoyin da na daina saurara da na karanta abin da suke faɗa. Burzum na cikinsu, balle da na ji kotun Faransa ta sami Vikernes da laifin hura wutar ƙiyayyar launin fata a 2014. Mutumin da ba ya ganina a matsayin ɗan Adam ba zan ba shi kunnena ba.

Amma salon kiɗan ya fi waɗannan mutanen girma. Tun a 1994 wani Kirista ɗan Ostireliya ya fitar da faifai da sunan Horde, sauti iri ɗaya sak, kalmomin kuwa na addininsa. A Norwe kanta akwai Antestor, su ma Kiristoci. Wolves in the Throne Room na Olympia a jihar Washington, daji da ruwa da ƙasa suke yi wa waƙa. Abin da nake nema shi ne wannan jin na faɗin sarari da kaɗaici, wanda ban same shi a wani kiɗan jita ba.

Malam Sani:
To, na ji ka rarrabe, kuma hakan ya fi. Ban gamsu ba dai. Abin da kunne ya saba da shi zuciya tana ɗauka ko mutum bai sani ba. Ka riƙa karanta kalmomin kafin ka kunna, wannan ita ce shawarata. Zan koma gefe in ci gaba da karantawa.

Isuhu Agadas:
Barkanku. Ni ba mai sauraron wannan kiɗi ba ne sosai, amma da na ji yadda yake yawo a da, sai na ga abin da na sani. An ce ta gidan waya suke aika wa juna kaset, daga Oslo zuwa Medellín, daga Atina zuwa Tokyo, kowa ya kwafa ya tura gaba, har suna shafa gam a kan kan sarki don a goge hatimi a sake amfani da shi. Mu nan haka kiɗan jitar Abzinawa da ake kira ishumar ya yaɗu a zamanin tawaye. Babu shago, babu rediyo, kaset ne daga hannu zuwa hannu, an kwafa sau goma har murya ta dusashe. Daga baya aka koma tura wa juna ta waya. Kuma mutane sun saba da wannan dusasshen sautin har in aka kawo mai tsabta sai su ce ba shi ba ne.

To tambayata: in kowa yana jin kaset ɗin kowa, ta yaya kuma salo ya bambanta? Da na zaci sai duk su zama ɗaya.

Injiniya Bala:
Tambaya mai kyau, Malam Isuhu, kuma a nan ne labarin ƙasa da yanayi yake rauni. Sarcófago ta Belo Horizonte ta fitar da I.N.R.I. a 1987, da fentin fuska fari da baƙi, da harsasai a ɗamara, da bugun ganga na hauka, tun kafin yawancin 'yan Norwe su fara. Euronymous da kansa yana girmama su. Muryar da ke kan babban faifan Mayhem ta Attila Csihar ce, ɗan Hungari daga ƙungiyar Tormentor. Mawaƙin Mayhem na baya, Dead, ɗan Suwidin ne. Kamfanin Euronymous ne ya fitar da faifan farko na Sigh ta Japan a 1993. To ina tsantsar Norwe a nan? Miya ce da kayan haɗinta suka fito daga kasuwa biyar.

Abin da ke raba salo shi ne wanda kake gani kullum. Kaset daga nesa yana ba ka sha'awa, amma wanda ke zaune kusa da kai shi ne ke gyara maka yatsu. A Oslo shagon faifai na Helvete ne matattara. A Faransa wasu 'yan tsiraru ne da ake kira Les Légions Noires, suna buga kaset kaɗan su raba a tsakaninsu, ba sa son kowa ya ji.

Zee:
Ni fa har yanzu ban gane yadda ake jin bambanci a cikin wannan hayaniyar ba. Na gwada, minti biyu na kashe.

Nura Mai Jita:
Anti Zee, kada ki fara da masu gudu. Ki nemi Thy Mighty Contract na Rotting Christ, 1993. Jitar tana takawa ɗaya bayan ɗaya, za ki iya bin karin da baki. Sannan ki kunna wani abu na Marduk ta Suwidin, waɗanda ba sa ɗaga ƙafa daga farko har ƙarshe. Ko wanda bai taɓa ji ba zai gane ba gida ɗaya suka fito ba. Necromantia ma wani abu ne daban: jitar bas biyu suke amfani da su, ɗaya mai tsirkiya takwas, ita ce ke yin aikin jitar da aka saba.

Ummi Bergen:
Akwai abu ɗaya da ba mu taɓa ba, kuma a ganina shi ne inda wuri yake shiga kiɗa ba tare da gardama ba: harshe.

Da farko kusan kowa da Ingilishi yake yi. Sai wasu suka juya. Enslaved suka yi faifansu na farko da harshen Aislan da tsohon harshen kakanninsu. Ulver suka rubuta Bergtatt na 1995 da tsohon salon rubutun da ake yi a zamanin mulkin Denmak, labarin wata yarinya da ta ɓace a dutse, irin tatsuniyar da ake ba yara a nan. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Windir. Mai ƙungiyar, Terje Bakken da ake kira Valfar, ɗan Sogndal ne, ƙaramin gari a bakin wani dogon mashigin teku. Da karin harshen garinsu ya yi waƙa, yana kaɗa akodiyan, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na yankin ya ɗora a kan jita, yana ba da labarin mutanen da suka rayu a wannan kwarin. Ku ɗauka kamar Basakkwace ya ƙi yin waƙa da Hausar rediyo, ya ce sai da Sakkwatanci, kuma tarihin garinsu kawai zai faɗa. Ya rasu a watan Janairu 2004 yana ɗan shekara 25. Ya kama hanya a ƙafa zuwa bukkar danginsu a kan dutse, guguwar ƙanƙara ta rutsa da shi, sanyi ya kashe shi.

Yaya Bala, wannan harshen da wannan karin ba na'urar Pytten ce ta ƙirƙiro su ba.

Injiniya Bala:
A nan kam na sallama, ƙanwata. Harshe da karin gargajiya da kayan kiɗan gida, waɗannan na wuri ne, babu na'urar da ke ƙirƙiro su. Abin da na ƙi shi ne a ce dusar ƙanƙara ce ke kaɗa jita.

Kuma tunda kin buɗe wannan ƙofar, mafi kyawun abin da na ji a wannan fanni daga nan ya fito. Negură Bunget ta Timișoara a Romaniya, a faifansu Om na 2006 da waɗanda suka biyo baya, sun shigo da kayan makiyayan tsaunukansu. Akwai tulnic, dogon ƙaho na katako da tsawonsa zai tuna maka kakaki, da wani allon katako da ake bugawa da guduma a gidajen ibadarsu. Ba ado suka yi da su ba, a kansu aka gina waƙar. A matsayina na mai haɗa sauti na san wahalar wannan: jita mai ƙara tana cinye duk wani abu na katako ko fata, sai ka rage mata wuri da gangan kafin ƙahon ya sami inda zai numfasa. Da yawa ba sa yin haka, sai su liƙa sarewa a farkon waƙa na daƙiƙa talatin, su koma kwaikwayon Norwe. Wannan kwalliya ce kawai.

Ishaya:
Wanda ni na iya saurara har ƙarshe shi ne Kentucky na Panopticon, 2012. Mutum ɗaya ne, Austin Lunn. Ya haɗa wannan ƙarajin da banjo da goge irin na mutanen tsaunukan Amurka, kuma maganarsa a kan ma'aikatan haƙar kwal ce, yadda kamfanoni suka ci ƙarfinsu suka farfasa duwatsunsu. Ni ɗan Filato ne, kakana ya yi aikin kuza, ramukan suna nan har gobe cike da ruwa. Ban buƙaci a fassara mini fushin da ke cikin faifan ba.

Isuhu Agadas:
Banjo kuwa asalinsa namu ne na Afirka ta Yamma, bayi ne suka ƙera shi a can bisa abin da suka baro a gida. Ɗan'uwan gurmi da molo ne.

Nura Mai Jita:
Shi ya sa nake jin haushin masu cewa kiɗan na fararen fata ne kaɗai. Mai jitar Blasphemy ta Kanada, waɗanda faifansu na 1990 ya haifar da wani reshe guda na salon, baƙar fata ne. Chthonic ta Taiwan suna amfani da erhu, goge mai tsirkiya biyu da ke kuka kamar kukuma, suna waƙa a kan kisan gillar da aka yi a tsibirinsu a 1947, har mawaƙinsu Freddy Lim ya ci zaɓen majalisa a 2016. A Kebek ta Kanada, Forteresse da Faransanci suke yi, a kan tarihin yankinsu.

Amma Yaya Bala, ban janye maganata gaba ɗaya ba. Ka saurari 'yan Aislan na baya-bayan nan, Svartidauði da Misþyrming. Akwai wani abu a ciki kamar ƙasa na tafasa.

Injiniya Bala:
Abin da ke tafasa a ciki Deathspell Omega ce ta Faransa, ita suka sha suka ƙoshi. Ka kunna su a jere ka dawo mu yi magana. Kuma Reykjavík ƙaramin gari ne, mutum ɗaya yana kaɗa wa ƙungiya uku. Mun dawo kan tela ɗaya.

Nura Mai Jita:
Zan kunna, amma na san abin da na ji.

Ummi Bergen:
Na dawo da rahoto. Yau a wurin cin abincin rana na kunna wa abokan aikina biyu waƙar Windir a waya, na buɗe musu kalmomin a rubuce. Ɗaya ɗan Oslo ne, ya karanta ya ce ya kama mafi yawa amma wasu kalmomin sun wuce shi. Ɗayar dattijuwa ce da ta kusa ritaya, 'yar yankin Sogn inda Sogndal yake, ba ta taɓa son irin wannan kiɗan ba, da ƙarajin ya fara har ta yamutsa fuska. Da akodiyan ya shigo sai ta ajiye cokali. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta sa yatsa a kan wata kalma, ta ce rabonta da ganin wani ya yi amfani da ita tun rasuwar kakarta. Ta ce in mayar da waƙar baya, wurin akodiyan ɗin, amma in rage ƙara.